Abin da Na Faɗa a Ofishin Malam Lawali

Hafsatu, Nasiru, da ke Auta, na san abin da kuke faɗa a kan yayanku idan kun ɗauka barci nake yi. Kuna cewa zuciyarsa ta bushe. Kuna cewa yakan zo daga Gusau ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina kamar baƙon da aka aiko, ya gaishe ni, ya tashi ko ruwan randarmu bai sha ba. Na kuma san kun ɗora laifin a kan kakarku Inna, Allah ya jiƙanta, tunda ba ta nan balle ta kare kanta. Saboda haka na keɓe muku wannan babi. Ba zan tsaya jera muku makarantun da na koyar ba, takardun suna cikin akwatin ƙarfe ga mai son gani. Shekara ɗaya ce ta juya gidanmu, a cikinta ma kwana tara ne, kuma a hannuna suke.

Sunansa Bashir. Kun ga hannuna ya rubuta ba gardama. Bakina ne bai taɓa furta shi ba, yau shekara talatin ke nan. Shekara bakwai na yi a gidan babanku Malam Garba tela ba haihuwa, har na fara guje wa gidajen suna, sannan Allah ya ba ni shi. Ranar da aka haife shi na so in ɗaga shi in nuna wa duk garin Tsafe. Amma Inna mahaifiyata tana zaune a bakin gado. Inna Bafulatana ce ta gidan makiyaya, a bayan shanu ta tashi a dajin Nahuce can ƙasar Bungudu, kuma a wurinta uwar da ta kalli ɗanta na fari a gaban mutane ta zubar da mutuncin danginta. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa idan akwai ido, ba a yabonsa. Idan wani ya yabe shi sai ki kushe shi, kowa kuma ya san abin da ke zuciyarki. Ana yaye shi ta goya shi ta tafi da shi Nahuce, bai dawo hannuna ba sai da zai shiga aji ɗaya. Shi ya sa ku kuke ce mini Umma, shi kuwa Malama yake ce mini kamar sauran 'yan makaranta. In zan kira shi sai in ce "kai", ko in ce da ɗayanku, "Ce wa wancan ya zo."

Kada ku ɗauka dole aka yi mini. Gaskiyar da nake jin nauyin faɗa ita ce, abin ya yi mini daɗi. Kun san ni da littattafan soyayya. Tun ina budurwa duk ranar da na shiga kasuwar Gusau sai na dawo da biyu ko uku a ƙasan kwando, in ɓoye su cikin littafin tsara darasi. A cikinsu na koyi cewa so mafi tsada shi ne wanda ba a faɗa. Wanda ake so yana shan wuya, ana yi masa ƙazafi, mai sonsa yana leƙensa ta taga yana haɗiye hawaye, sannan a shafin ƙarshe wani ya miƙe a tsakiyar taro ya fasa gaskiya, kowa ya yi kuka, a yafi juna. Na ɗauki kaina na zaunar a wannan tagar. Na yi imani rayuwa ma tana da shafin ƙarshe, kuma ba ni ce zan rubuta shi ba.

Da damina abin ya zo. 'Yan bindiga suka tashi ƙauyukan da ke bayan Tsafe, mutane suka bar gero a gona yana shirin fitar da kai, suka shigo gari da tabarmi a ka da awaki a igiya. Makarantar firamaren da nake mataimakiyar shugaba ita aka buɗe musu. Muka tura bencina waje, kowane aji ya ɗauki gida biyar ko shida, allon da nake rubuta jimla a kai ya zama wurin rataya zannuwa. Shugabanmu Malam Lawali ya ce ni zan kula da matasan gari da suka kawo kansu don taimako. Ba mu ce musu 'yan sa-kai ba, don a ƙasarmu wannan sunan na masu ɗaukar makami ne. 'Yan taimako muke cewa. Ba a biyansu komai. Su goma sha wani abu ne, kuma Bashir ne ya fara zuwa, tun kafin a nemi kowa.

Lokacin yana da shekara ashirin da biyu. Ya gama sakandare da daɗewa, yana zaune a shagon babanku yana ɗinka maɓalli, alhali ransa yana kan karatun kiwon lafiya. Sau ɗaya ya samu gurbi, keken ɗinki ya kasa ɗaukar nauyin, ya ninke takardar ya ajiye. Dogo ne, baƙi mai haske, da gashin ido irin na dangin Inna, in yana tafiya yakan ɗan sunkuyar da kai kamar mai jin kunyar tsawonsa. A makarantar nan na ga wani mutum ya fito daga cikinsa wanda ban sani ba. Shi ya haƙa masai a bayan aji shida cikin ruwan sama. Da amai da gudawa ya ɓarke, shi ya liƙe wa ma'aikacin lafiyar da ake turo mana, ya koyi haɗa ruwan gishiri da sukari, ya koyi duba idon yaro da fatar cikinsa ya gane wanda zai iya jira da wanda dole a ruga da shi asibiti. Yakan rubuta abin da ya koya a bayan tsofaffin takardun jarrabawa. Ma'aikacin yana tafiya da azahar, sauran yinin Bashir ne likitanmu.

Akwai wata tsohuwa cikin masu gudun, Dije, ba ta tsira da kowa ba sai jikanta ɗan shekara uku. Yaron ya kwanta har idonsa ya faɗa. Bashir ya zauna a gabansa daga hantsi har la'asar yana ɗura masa ruwan nan cokali-cokali, yaron yana mayarwa, shi yana sakewa. Ina tsaye a tagar aji huɗu ina kallo. Da yaron ya tashi ya nemi kunu, Dije ta zo ta kama hannuna.

"Malama, ɗan wa ne wanga yaro? Ina son in ga uwar da ta haihe shi."

"Ɗan unguwa ne," na ce.

Wata mata ta raɗa mata wani abu a kunne. Dije ta saki hannuna ta kwashe da dariya, dariyarta ta farko tun da ta zo.

"Ashe ɗan unguwa ne! To Allah shi yi ma unguwa albarka."

Kun gani? Haka abin yake tafiya a tsakaninmu. Ni in ɓoye, su su gane, kowa ya tafi da daɗi a ransa.

Gab da kaka wata ƙungiya da ke kawo mana magani ta turo ma'aikaciyarta, Maryam. Yarinya ce mai kirki da kuzari, Bahaushiya ce amma a Ikko aka haife ta, a can ta yi karatu, Hausarta tsaf amma ta gidan iyaye biyu da 'ya'ya uku ce, ba ta tashi gaban kaka ba. Ta yi mako guda tana zagaya mu da littafinta. Ran nan ta tara mu a ofishin Malam Lawali, da ni da shi da mai unguwa da malamai maza biyu. Ta ce sun samu gurbi ɗaya tak: za su ɗauki nauyin matashi ɗaya daga 'yan taimakonmu ya yi karatun kiwon lafiya shekara uku, in ya gama kuma su ba shi aiki. Ta juyo gare ni.

"Malama Rabi, ke kika fi kowa sanin yaran nan, maganarki zan bi. Wannan dogon mai yawan shiru, Bashir Garba. Duk inda na juya shi nake gani. Yaya yake?"

Ido takwas na maza suka sauka a kaina. Mai unguwa har ya fara murmushi yana jiran ya ji yadda zan kuɓuta. Na ja mayafi, bakina ya faɗi abin da aka koya masa.

"Wancan? Ai ba abin da ya iya sai yawo. Zaman gida ne ya ishe shi, shi ya sa kike ganinsa nan."

Malam Lawali ya yi dariya, mai unguwa ya girgiza kai yana cewa, "Kai, Fulani!" Maryam ba ta yi dariya ba. Na ga alƙalaminta ya ja layi a kan wani abu.

"Ayya. Na gode da kika gaya mini gaskiya. To wa kike gani?"

"Murtala yana ƙoƙari," na ce.

Ban yi ƙarya a kan Murtala ba. Ɗan maƙwabcinmu ne, yana raba abinci, yana da fara'a, in an zo ɗaukar hoto shi ne a gaba. Amma ko shi ya san ba a haɗa shi da Bashir. Maryam ta rufe littafi, ta ce nan da kwana tara za su aika da suna, daga baya a yi taron ba da kyautar a Gusau, ta shiga mota ta koma Gusau. Ƙurar motar ba ta kwanta ba Malam Lawali ya daina dariya.

"Malama Rabi, kin lura yarinyar ga ba ta gane ba?"

Ya buga mata waya a gabana. Ya ce mata yaron ɗan Malama ne, kunyar ɗan fari ce ta sa ta faɗi haka. Ina jin muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce ba ta fahimci yadda uwa za ta ɓata ɗanta don kunya ba, kuma ba za ta canza suna a kan maganar wani ba, kada a ce an yi son kai. Idan Malama tana da gyara, ta zo ofis da kanta ta faɗa da bakinta, ta sa hannu. Abin da aka nema ke nan a wurina. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, da jimla ɗaya.

Da la'asar na faɗa a gida. Bashir yana makaranta bai dawo ba. Babanku ya ajiye almakashi ya dube ni.

"Rabi, ke da kike koya wa 'ya'yan mutane magana?"

Ke Hafsatu kina da shekara goma sha biyar, kina tankaɗe, kika ce, "Umma, ni ki aike ni. Zan faɗi sunan Yaya sau ɗari, har da na kakansa." Na daka miki tsawa. Sai na juya ga Inna, wadda ta zo mana jinyar ƙafa tana zaune a kan buzu tana jan carbi. Na tabbata ita za ta tsaya mini. Ina so ku karanta abin da ta ce sau biyu, domin shi ne dalilin wannan babi.

"Tashi ki tahi. Kunya tsakanin waɗanda sunka san ta a ka yin ta. Baƙuwa mi ta sani? Kin zuba nono ga ƙwaryar da ba ta da gindi, kina jiran a gode miki."

"Inna, ke fa kika koya mini."

"Na koya miki ki rufe baki gaban mutane. Ban koya miki ki rufe mashi ƙohwa ba. In ba ki iyawa, ɗora ni ga mota, ni in hwaɗi."

Na ce a'a, ƙafarta ba za ta iya ba, kuma ni aka ce. Na ce gobe.

Gobe ta zama jibi. Kullum da safe in ga Bashir yana wanke hannu a bakin rijiyar makaranta, ya ce, "Malama, ina kwana," in ce, "Lafiya," in wuce. A kwana na shida na yafa mayafin fita na je tasha na shiga motar Gusau. Ina zaune a gefen taga ina maimaita jimlar a zuciyata: ɗana ne, shi ya fi kowa. Kalma shida. Duk lokacin da na kai kan "ɗana" sai harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Na hango kaina tsaye a gaban yarinyar da na haifi sa'arta, ina roƙo, masu gadi da masinja suna saurare. Na hango matan Tsafe suna cewa Malama Rabi ta ƙwace wa ɗan maƙwabci ta ba nata. Sannan wani tunani ya zo mini mai taushi, mai ƙanshi, irin wanda na saba da shi. Ai za a yi taron ba da kyautar. Ai Dije za ta je. Na gan ta ƙarara, tsohuwa da jikanta a hannu, tana ratsa kujeru, tana cewa ku dakata, ba wannan ba ne. Na ga Maryam ta dafe baki, na ga an kira shi gaba, na ga ya juyo yana nemana da ido a cikin taro, ni kuma ina can baya na sunkuyar da kai, ban ce komai ba amma ya gane komai. Wallahi har hawaye na yi a motar saboda kyawun abin.

Muna isa Kwatarkwashi, an yi ruwa da safe, duwatsun nan sun yi baƙi suna sheƙi, hazo yana kwance a kansu. Direba ya tsaya sauke wani mai buhu. Na ce ni ma a nan zan sauka. Na tsaya a bakin titi na sayi gasasshiyar masara ban ci ba, na tsallaka, na tari motar Tsafe.

Da na shiga gida babanku ya ɗago daga keke.

"Yaya?"

"Ban same ta ba. An ce ta yi tafiya."

Inna ta dube ni, ta mayar da idonta kan carbi. Babanku ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Su biyun sun koma ga Allah ban gyara musu wannan maganar ba. Ku ne na farko da na gaya wa.

An yi taron a wani babban ɗaki a Gusau bayan an kawar da amfanin gona. Motar da aka turo ta 'yan taimako ce da malamai. Ba a gayyaci ko mutum ɗaya daga masu gudun hijira ba, ba wanda ma ya yi tunanin haka. Dije kuwa tun kafin nan wani ɗan'uwanta ya zo ya tafi da ita Bungudu, ban sake ganinta ba. Duk da haka ina zaune ina waiwayen ƙofa, har malamar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko wani nake jira. Aka yi jawabai da Turanci. Aka kira Murtala, aka ce shi ne matashin da ya sadaukar da kansa, aka karanta ayyukan da ya yi, har da masai da ruwan gishiri da sukari, don rahoton makarantarmu gaba ɗaya aka ɗora masa. Sauran aka ba kowa riga mai tambari da takardar godiya. Bashir ya tafa wa Murtala. Ya tafa sosai, da dogayen hannayen nan da fatarsu ta saɓule saboda ruwan wanki da maganin kashe cuta. Na jira ya neme ni da ido. Bai juyo ba.

Bayan kwana biyu Murtala ya yi sallama a zaurenmu. Yaron kirki ne, yanzu haka yana aiki a wani asibiti, ban taɓa riƙe shi a raina ba, ku ma kada ku riƙe shi. Ina bayan ƙyaure ina jinsu.

"Wallahi Bash, ni ban nema ba. Na gaya wa Anti Maryam kai ne, ta ce Malama da kanta ta ce ba ka iya komai sai yawo. Ni kunya ta hana ni barci."

"Ba komai," in ji Bashir. "Allah ya sa albarka. Ka riƙe karatun da kyau."

Ya ci gaba da zuwa makaranta har aka kwashe mutum na ƙarshe, ya taya mu mayar da bencina, ya goge allo. Washegari ya ce wa babanku zai tafi Gusau koyon gyaran babur a bakin tasha. Ya zo ƙofar ɗakina ya durƙusa ya ce, "Malama, zan tafi." Ina ninke kaya, na ba shi baya. Na ce, "Allah ya kiyaye." Takardun jarrabawar nan da ya cika bayansu da rubutu, Nasiru, kai ka same su a cikin murhu, rabinsu ya ƙone, ka kawo mini kana tambaya ko na makaranta ne.

Ba karatun kaɗai ya tafi ba. Wannan yaron da ba ya iya wuce mai ɗauke da kaya bai karɓa ba, ya zama mutum mai yin abin da aka sa shi kawai. Yana sallah, yana ciyar da gidansa, bai taɓa ɗaga mini murya ba, da babanku ya rasu shi ya tsaya a kan komai. Amma na ji an ce da aka sake kawo masu gudun hijira unguwarsu a Gusau, matasa suka zo neman ya shige musu gaba tunda ya san aikin, ya ce su yi haƙuri yana da babur a hannu. Wannan ya fi komai ci mini rai. Wasu yaran sun kwanta a wani aji a wani wuri, ba wanda ya zauna gabansu da cokali, kuma ina cikin dalilin.

Sannan ya yi aure, Allah ya ba shi 'ya mace. Kun tuna yadda muka tafi suna da turamen zani, kowa ya sakankance sunana za a sa, kamar yadda ake yi wa uwar miji a 'yar fari. Liman ya raɗa Safiya. Ke Hafsatu kika ajiye jaririyar kika fita, kika yi wata shida ba ki yi masa magana ba. Ni ma na ɗauka hukuncina ne, na karɓa.

Bara, da na je asibiti a Gusau kan hawan jinin nan, na ce wa mai keke ya kai ni bakin tasha. Tun a layin ganin likita nake shirya maganata, doguwa, mai kyau, wadda za ta sa mu duka kuka. Na same shi a ƙarƙashin rumfar kwano, hannunsa baƙi da mai, Safiya tana wasa da murfin kwalba a gefe don uwarta ta je kasuwa. Ya share mini benci da hularsa, ya aika a kawo mini ruwa. Na fara.

"Kai, game da shekarar nan ta makaranta…"

"Malama, bari."

"Ban taɓa gaya maka ba, abin da na faɗa a ofis…"

"Na san abin da ya sa kika faɗa. A hannun Inna na tashi. Da kin yabe ni a gaban mai unguwa, ni ma da na rasa inda zan sa kaina." Ya ɗauki tsumma yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. "Ba ofis ba ne. Kwatarkwashi ce."

Na ajiye ruwan a kan benci.

"Yaron motar da ta ɗauke ki ajinmu ɗaya. Da yamma ya ce mini, na ga Malama ta biya kuɗin Gusau ta sauka a Kwatarkwashi, lafiya? Na yi kwana uku ina cewa za ta sake tafiya. Kullum da safe ina gaishe ki ina duba ko mayafin fita ne a jikinki."

Duk maganar da na shirya ta watse. Abin da ya fito shi ne, "Shi ya sa ba ka sa wa yarinyar sunana ba."

Ya dube ni a ido, abin da bai taɓa yi ba tun yana yaro.

"A'a. Da na sa mata sunanki, ba zan iya furta shi ba. Ummi zan riƙa ce mata har in mutu. Ni kuma so nake in kira ta, ta ji, mutane su ji."

Yarinyar ta kusa bakin titi tana bin murfinta. Ya miƙe ya ɗaga murya, a gaban makanikai da direbobi da masu tallan ruwa, 'yarsa ta fari.

"Safiya! Safiya, zo nan. Zo ki nuna wa Malama yadda kika iya ƙirga."

Ta rugo ta faɗa jikinsa, ta ƙirga har biyar ta tsallake huɗu, ya ce duk tashar nan ba mai kai irin nata. Wani tsohon direba ya ce, "Kai Bashir, ba ka da kunya," shi kuma ya ce, "Babu, Baba."

Da kansa ya sa ni a motar Tsafe, ya nema mini gidan gaba, ya rufe ƙofa ya tsaya a taga. Injin yana kunne, saura mutum ɗaya a cika. Na ce a raina yanzu ne, ba Dije, ba taro, ni da shi ne kawai. Na haɗa leɓɓana a kan harafin farko. Ya gani, na san ya gani, don ya daina motsi, ya ɗan sunkuyo da kansa kusa da gilashi yana jira. Mutumin ƙarshe ya shigo, direba ya taka.

"Kai," na ce, "a gaida gida."

"Za su ji, Malama."

Ku daina yi masa dariya idan yana kiran 'yarsa a gaban mutane. Ku daina ambaton Inna sai da addu'a. In ya zo ranar Juma'a ya durƙusa a bakin ƙofa, ɗayanku ya kai masa ruwa, ya kira shi da sunansa da ƙarfi yadda zan ji daga ciki.